Abin da Alhaji Sanda Ya Gaya wa Tani

"Ka goge shi?"

"Na ce miki na goge, Fiddo. Sau nawa zan faɗa?"

"Dube ni ka faɗa."

Jamaluddeen ya ɗago kai daga wayarsa, ya zuba mata idanun nan nasa masu kama da na wanda bai taɓa yin laifi ba tun da aka haife shi. Ya dafa ƙirji. "Na goge saƙon Alhaji Sanda. Babu shi a kwamfuta, babu shi a waya. Ko sai na ɗauko Alƙur'ani?"

"A'a, Yaya Jamal, bai kai nan ba."

Firdausi ta sauke ajiyar zuciya, ta ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗunta. Ta yarda da shi. Yaya za a yi ba ta yarda ba? Mutumin da aka riga aka sa musu rana, wanda akwatunan lefensa ke jere a ɗakin mahaifiyarta, wanda ya taɓa takowa cikin ruwan sama daga Ketu har Agege don kawai ta ce kanta na ciwo. Da zai ce mata jirgin ƙasan da ke wucewa bayan ofishinsu a sama yake tafiya, sai ta leƙa taga ta duba gajimare.

Ofishin ɗaki ne guda a saman wani kemis, kusa da layin dogo. A nan Tani take zaune, in dai za a ce tana zaune a wani wuri. Tani ita ce manhajar da Jamaluddeen ya ƙirƙiro domin 'yan kasuwar Mile 12 ta Legas da direbobin manyan motoci. Mutum zai danna wayarsa ya yi magana da Hausa: yaya albasa take a Aliero yau, gadar Jebba ta cushe ko an samu hanya, wace mota ce za ta koma arewa babu kaya. Sai wata murya mai taushi ta mace ta amsa masa. A jikin kowace takardar talla an rubuta cewa Tani inji ce tsantsa, ba ta barci, ba ta gulma.

Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, Tani ba ta jin rabin abin da ake gaya mata. Ihun 'yan dako, hon ɗin motocin haya na danfo, Sakkwatancin dattawa, duk rikita ta suke yi. Duk saƙon da ya fi ƙarfinta sai ya faɗo kan kwamfutar Firdausi ko ta Mouna, abokiyar aikinta 'yar Maraɗi. Su saurara da abin sauraro a kunne, su buga waya su bincika, su rubuta amsa, sannan Tani ta karanta da muryarta kamar daga kanta abin ya fito.

"Na ɗan lokaci ne," haka Jamaluddeen yake cewa kullum. "Tana koyo a wajenku. Ranar da ta tsaya da ƙafafunta, duniya za ta san ke kika raine ta."

Firdausi ba ta damu da duniya ta sani ba. Shi ya sani, ya ishe ta.

Alhaji Sanda kuwa dillalin albasa ne, dattijo dogo, mutumin Kebbi, wanda ya daɗe a Mile 12 har kasuwar ta zama kamar tsakar gidansa. Firdausi ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ta san tarinsa, ta san yadda yake yi wa Tani cikakkiyar sallama kafin ya tambayi farashi, har da "ina gajiya, 'yar inji?" A farkon damina babban ɗansa, direba, ya taso da lodin albasa daga gida, motar ta kife kafin Jebba. Ba a kawo gawarsa Legas ba. Can aka yi masa sutura.

Waɗanda suka je zaman makoki sun dawo suna jinjina ƙarfin zuciyar Alhaji. Ko ɗigon hawaye. Ana ce masa yaya haƙuri, yana cewa da godiya, yana miƙa wa mutane ruwa. Ɗan fari ne. A inda Alhaji ya fito, uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi ko da ciwo ya kwantar da shi. Tun ranar suna har ranar mutuwa, Alhaji Sanda bai taɓa kiran yaron da sunansa ba. "Wancan" yake ce masa. Da ya girma ya kama tuƙi, sai ya koma "direba".

Wata la'asar, bayan an share makoki, ya danna wayarsa.

"'Yar inji, in tambaye ki. Akwai mutum nan wurinki?"

Wannan tambayar Tani ta iya ta, domin Jamaluddeen da kansa ya dasa mata amsar. Ba ta jira kowa ba ta ce, "Babu kowa, Alhaji. Ni inji ce. Abin da ka faɗa mini, ni kaɗai na ji."

Saƙo na biyu shi ne ya fi ƙarfinta, ya faɗo wa Firdausi. Ta danna tana tsammanin tambayar farashi ce. Da farko shiru, sai kukan wata akuya daga nesa. Sannan muryar dattijon ta fito a karye, ya faɗi kalma ɗaya.

"Murtala."

Ya sake faɗa. Ya sake. Kamar mai ɗanɗana abincin da aka hana shi tun ƙuruciya. Daga nan kuka ya ƙwace masa, irin kukan da babba ke yi, mai fitowa daga can ƙasan ciki. Ya ce ranar da yaron ya fara tafiya, shi yana laɓe bayan zana yana kallo, bai fito ba. Ya ce akwai wata hula da ya saya masa a kasuwar Jankara, bai san ta yadda zai miƙa masa ba, tana nan cikin akwati. "Murtala, ɗana. Ban taɓa ce maka sannu da hanya ba."

Firdausi ta zauna kamar an dasa ta. Ya kamata ta cire abin sauraron tun a kalmar farko, ta sani, amma hannunta ya ƙi tashi. Da ya gama, allon kwamfuta ya tsaya yana jiran amsa. Ta rubuta: "Allah ya jiƙan Murtala, ya sa ya huta. Ya san kana son sa, Alhaji. 'Ya'ya suna gane wanda ke laɓe bayan zana." Tani ta karanta masa.

A ranar ta sami Jamaluddeen, idanunta sun yi jajur. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla, domin shi haifaffen Agege ne, mahaifinsa da sunansa yake ƙwala masa kira daga bakin titi, Yarabanci ma ya fi zama a bakinsa in ransa ya ɓaci. Ta gaya masa mece ce kunyar ɗan fari. Ta ce wannan dattijon ya tuɓe rigarsa ne don an rantse masa babu kowa a ɗakin. Ta ce in wani ya ji wannan saƙon, an gama da shi a kasuwa. Jamaluddeen ya saurara, har idonsa ya kawo ruwa da ya ji muryar. Ya yi alkawarin zai goge saƙon. Shi ne take ta tambayarsa, har ya kai ga zancen Alƙur'ani.

Bayan haka kwanaki suka yi ta tafiya da shirin taron ƙaddamarwa. Za a nuna Tani ga wasu masu zuba jari daga Island, unguwar masu kuɗi, a gaban shugabannin kasuwa. Jamaluddeen ya rame, ba ya cin abinci sai ta tsare shi. Firdausi ce ta zaɓar masa shadda ruwan toka, ita ta kai wa tela, ita ta tsaya har aka gama aikin wuya.

Ranar taron, bayan azahar, zauren ya cika. 'Yan albasa da 'yan tumatir a gaba, mahauta daga mayanka a gefe da fararen rigunansu na fita, baƙin Island a kan wani dogon tebur da robobin ruwa a gabansu. Firdausi da Mouna kuwa an kai su wani ɗan sito a bayan dandamali, inda ake tara karyayyun kujeru da akwatunan lemo. Za a yi wa Tani tambayoyi kai tsaye, kuma ba a so ta ji kunya.

"Kin ga amarya da ƙawarta," in ji Mouna, tana fifita da kwali. "An ɓoye mu kamar kayan sata. Ke, in oga ya zama babban mutum, ki ce ya saya mana bantilate, wallahi na dahu."

"Fanka ake cewa a nan, 'yar Nijar."

"Ko mene ne sunanta, a kawo ta."

Ƙofar siton ba ta rufuwa sosai. Ta tsagar Firdausi tana hango Jamaluddeen a tsaye da makirfo, shaddar nan tana ɗaukar ido, yana juya harshe daga Hausa zuwa Turanci zuwa Yarabanci, mutane suna dariya inda yake so su yi. Zuciyarta ta cika har ta ji kamar za ta fashe. Nata ne. Wannan mutumin da kowa ke kallo, ita ya zaɓa.

Wani mahauci ya tashi ya tambayi Tani ko motocin shanu sun wuce Ogbomoso. Mouna ta rubuta amsa, Tani ta faɗa ta lasifika, zaure ya ɗauki tafi. Wani dillali ya tambaya cikin zolaya ko Tani tana da miji. Firdausi ta rubuta, "An sa rana, Alhaji, ka makara." Dariya ta kusa ɗaga rufin. Jamaluddeen ya waiwayo wajen siton ya kashe ido ɗaya, ita kaɗai ta san da wa yake.

Sai wani ya ce ga Alhaji Sanda can a layi na biyu, aka yi masa barka da zuwa ta makirfo. A karon farko Firdausi ta ga fuskar mai tarin nan. Farin gemu, rawani ƙarami, hannaye a kan gwiwa. Ya ɗaga hannu kaɗan ya sauke.

"Yanzu," in ji Jamaluddeen, ya sassauta murya, "zan nuna muku abin da ya sa Tani ta fi ƙarfin a kira ta manhaja. Mutanenmu ba farashi kaɗai suke tambayar ta ba. Suna ba ta abin da ke cikin zuciyarsu. Mun sauya muryar mai maganar saboda sirri. Ku saurara."

Kafin kwanyar Firdausi ta gama fassara maganar, jikinta ya riga ya gane. Lasifika ta yi ɗan ƙara, sai shiru, sai kukan akuya daga nesa.

"Murtala."

An yi wa muryar kauri, an ja ta ƙasa kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Amma wa zai sauya sunan? Wa zai sauya Jebba, da albasa, da hular Jankara? Duk wanda ke layukan gaba ya je zaman makokin nan. Baƙin Island, da ake fassara musu a allo, suka dafa ƙirji, wata mata a cikinsu ta ciro hankici. Su kuwa 'yan kasuwa babu wanda ya motsa. Sannan huluna suka fara juyawa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, zuwa layi na biyu. Waɗansu dattawa suka sunkuyar da kai ƙasa don kada su gani. Wani matashi a baya ya ce, da muryar da ya ɗauka raɗa ce, "Kai, Murtalan Alhaji Sanda ne fa."

Kukan dattijon ya cika zauren. Ya fito ta kowace lasifika, har da wadda aka rataye a waje saboda waɗanda ba su sami kujera ba.

Alhaji Sanda bai ɗago ba har aka zo inda Tani ke cewa 'ya'ya suna gane wanda ke laɓe bayan zana. Firdausi ta ji kalmominta, waɗanda ta rubuta tana kuka domin kunne ɗaya tak, suna yawo a kan mutane kamar tallan magani. A nan dattijon ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa, ya sa hannu a aljihu ya ciro wayarsa, ya ajiye ta a kan kujerar da ya tashi, kamar mai mayar da kayan aro. Ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Aka dare masa hanya, babu wanda ya iya ce masa a sauka lafiya.

Baƙin Island suka fara tafi. Su kaɗai.

Jamaluddeen bai ga fitar ba, ko kuma ya gani ya ƙi gani. Fuskarsa tana kan dogon teburin. "Babu hannun ɗan Adam a wannan amsar," ya ce da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa. "Bari ku ji daga bakinta. Tani, me kika ji a ranki lokacin da wannan bawan Allah yake miki magana?"

Tambayar ta faɗo kan allon Firdausi. Ɗan layin nan ya tsaya yana ƙiftawa, yana jira.

Mouna ta dube ta. "In amsa?"

"Kada ki taɓa."

"Tani?" in ji Jamaluddeen daga waje, da 'yar dariya. "Kunya take ji, jama'a. Bahaushiya ce." Babu wanda ya taya shi. Ya sake kira. Shiru ya yi tsawo har aka fara jin ƙugin janareta. Ya ce netuwok ne, a ba shi minti kaɗan, a sha lemo.

Ya turo ƙofar siton da ƙarfi har wata karyayyar kujera ta faɗo. Gumi ya jiƙa wuyan shaddar da ta tsaya a kan tela ya yi.

"Me ke faruwa? Fiddo, abeg, rubuta wani abu, ko mene ne! Mutanen nan sun kusa sa hannu."

"Ka ce ka goge."

"Na goge na ofis. Wannan kwafi ne da ke wajen injiniyanmu na Yaba, ni ma daga baya na tuna da shi." Ya share goshi. "Kuma ai mun sauya muryar. Ban faɗi sunansa ba."

"Ka faɗi na ɗansa."

"To mene ne a ciki? Uba ya yi kukan ɗansa, abin kunya ne? Kin ga matar can hawaye take yi. Girmama shi na yi, wallahi. Wannan al'adar ta ƙauye ce, Fiddo, nan Legas ne."

Firdausi ta dube shi. Idanun nan ne dai, masu kama da na marar laifi, ba su sauya ko kaɗan ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Da a ce bai fahimta ba ne, da ta nemo masa uzuri, ta saba nemo masa. Amma ta zaunar da shi. Ta ga ruwan da idonsa ya kawo a ranar. Ashe lokacin da take ganin tausayi, shi abin nunawa ya hango. Ya dafa ƙirjin da take shirin jingina kanta a kai har tsufa, ya yi mata ƙarya, har yana neman ɗauko Alƙur'ani.

"Ka san abin da ya fi ba ni tsoro, Yaya Jamal?" Muryarta ta fito a sanyaye, ita kanta ta yi mamaki. "Da na ce ka ɗauko, da ka ɗauko."

"Haba gimbiya. Duk don wa nake wannan wahalar? Ba don mu ba? Ki bari a gama, gobe da kaina zan je in ba shi haƙuri, in kai masa goro, in..."

"Ka ce masa me? Inji ce ta yi kuskure?"

Ya waiwaya wajen ƙofa, inda baƙinsa ke jira.

Ta cire abin sauraron daga kunnenta. Ya bar mata shaida a gefen fuska, inda ya saba bari kullum, har mahaifiyarta kan tambaye ta wane irin aiki ne wannan mai cin kunne. Ta naɗe igiyar abin sauraron a hankali ta ɗora a kan kwamfutar, ta rufe. Mouna ta miƙa mata mayafinta.

"Ina za ki? Firdausi! Mutane suna jira!"

Ta ratsa ta gefensa ta fita, ba ta ƙofar baya da aka shigo da su ba, ta cikin zauren. Idanu suka bi ta, wata baƙuwar yarinya da ta ɓullo daga bayan dandamali da jiƙaƙƙiyar fuska. Ta je layi na biyu. Wayar tana nan a kan kujera, tsohuwa, an ɗaure bayanta da roba, babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta. Ta ɗauka da hannu biyu.

Jamaluddeen ya cim mata a bakin ƙofa, ya rage murya saboda mahautan da ke tsaye a wajen. "Ki yi wa Allah. In kika buɗe baki, kin kashe Tani, kin kashe ni. Ki tuna an sa mana rana."

Ta juyo. Ba ta rage tata muryar ba.

"Mile 12 za ni. Zan kai wa Baba wayarsa, in durƙusa in gaya masa akwai mutum a ɗakin, kuma ni ce. In ya yafe mini, to. In ya tsine mini, na ci. Daga yau Tani ta amsa da bakinta in tana da shi. Akwatunanka kuma ka turo a kwashe kafin in dawo, na fasa."